Kilo Tara da Shanun Sha'aibu

Tun da na dawo daga ƙasar Mayahi ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fada, majalisarmu ta shan shayi, kafin a zuba na fari, sai wani ya gyara zama ya ce, "Mushe, wai da gaske ne shanu suka jawo ku?" In ba shi amsa, gobe wani ya sake tambaya, labarin kuma ya ƙara ƙiba. An ce ni na tura mota tun daga Attantane. An ce an bar ni jingina a ƙauye. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a kwalejin Tasawa kafin in ajiye alli, shi ya sa ake ce mini Mushe, wato malamin makaranta, na kuma san amsar da ake yaɗawa da baki kullum ƙaruwa take yi. Shi ya sa na ɗauko bik da kaye, wato biro da littafin rubutu. Wanda ya sake tambaya, in miƙa masa ya karanta, ni kuma in sha shayina da zafinsa.

Mai motar Lawali ne, tsohon ɗalibina. A aji, bencin baya yake zama, bai taɓa kawo mini amsa daidai ba sai da kuskure, amma shi ya kwance agogon bangon lakkwal, wato makarantarmu, ya mayar ya ci gaba da tafiya. Yau ya haura arba'in, yana da garajinsa a bakin hanyar Damagaram, kuma duk direban da ya san ciwon motarsa wurinsa yake kai ta. Shekara uku da suka wuce ya sayi wata jar motar tsere, ƙirar Japan, daga hannun wani ɗan kasuwa da ya kawo ta daga Kwatano ya yi nadama. Kujera biyu gare ta, a garin da ake auna darajar mota da yawan mutanen da za ta kai gidan suna. Ga ta a ƙasa ƙwarai, kaza ma sai ta sunkuya za ta shiga ƙarƙashinta. A kan kwalta dai babu mai ganin bayanta.

Abin da ya ɓata lamarin bara ya faru. Lawali ya ɗauki matarsa Rabi zuwa ƙauyensu, wani ɗan gari da ke bayan Attantane. Dab da shiga garin akwai wani kwari mai rairayi, faɗinsa bai fi filin ƙwallo biyu ba. Nan jar mota ta kafa hanci ta nutse. Sha'aibu, ƙanen Rabi, magidanci ne mai shanun noma biyu da bakin da ba ya hutu. Ya ɗaura wa motar igiya, shanu suka ja ta har ƙofar gidan mahaifinsu, ta gaban rijiya, daidai lokacin da matan gari ke ɗibar ruwa. A wurin Sha'aibu ya raɗa wa motar suna Garma, tunda a cewarsa duk ƙarfen da shanu ke ja garma ne. Ƙanen mata abokin wasa ne, yana da izinin faɗin abin da ya ga dama. Lawali kuwa a gaban surukinsa Baba Nomau ko tari ba ya yi da ƙarfi, balle ya rama. Sunan ya biyo motocin kasuwa har Tasawa. Direbobi suka koma cewa "kai ta garajin Garma". Makanike kuma da sunansa yake ci. Lawali ya yi rantsuwa cewa bayan kaka zai shiga garin nan da ƙarfin inji, a gaban masu rijiya, a binne sunan.

Shekara guda ya yi yana ramar da motar. Ya cire na'urar sanyi, ya cire manyan lasifikoki, ya ɓamɓare darduma. Daga ƙarshe ya iso kan altarnater, wato na'urar da ke cika batir da wuta in inji yana juyawa. Wanda ya riga shi riƙe motar ya sa mata na katkat, irin manyan motocin shiga daji, ƙato, aka ɗaure shi jikin inji da wani supor, wato mariƙi, na baƙin ƙarfe da mai walda ya haɗa kamar ƙofar shago. Lawali ya sa wani direba ya kawo masa ƙarami daga Katsina, wanda bai fi goriba uku a dunƙule ba. Ya kira ni shaida muka je wurin mai sayen wake muka ari sikelinsa. Tsohon altarnater kilo takwas, sabo uku. Tsohon supor kilo biyar, wanda yake so a zuba masa da alminiyo kuma bai kamata ya wuce ɗaya ba.

"Kilo tara ke nan, Mushe," in ji shi, yana kallona kamar mai jiran maki.

Na ce lissafin ya yi, karo na farko a tarihi. Amma na tuna masa cewa motar ta kusa kilo dubu, tara cikin dubu kuwa ko ɗaya bisa ɗari bai kai ba.

"Mushe, taran nan a hanci suke. Hancin ne ke nutsewa. Kai in an ɗora maka tulu a ka, da in an rataya maka shi a hanci, ɗaya ne?"

Sai na tambaye shi me ya sa yake so in raka shi. Ya ce Rabi ta rantse ba za a sake jan ta ta gaban rijiyar garinsu ba. Kuma yana bukatar baki. Shi ba ya iya magana gaban Baba Nomau, dole a samu dattijo mai mutunci da zai yi magana a madadinsa, wanda in ya ce an yi, an yi. Na ji daɗin wannan yabo har na manta cewa ni ma na taɓa hawa sikelin mai wake, allura ta tsaya a tasa'in da huɗu.

Mun tashi da hantsi ranar Talata, da tsohon altarnater a jikin inji, sabon kuma a naɗe cikin tsumma, domin a Mayahi za a zuba supor. Rabi ta kawo saƙon mahaifiyarta, sabulu da sukari da turmin atamfa. Na ga Lawali yana ɗaga ƙullin a tafin hannu yana lumshe ido ɗaya.

"Malam, in ka auna saƙon uwata, wallahi sai na ƙara dutsen niƙa," in ji Rabi. Ya ajiye da sauri.

Shiga motar nan ilimi ne mai zaman kansa. Ba hawa ake yi ba, sauka ake yi. Na zauna kamar a kan tabarma, ƙafafu a miƙe, gwiwa na gaisawa da haɓa. Duniya kuma daga can ƙasa daban take. Shekara sittin ina ganin raƙuma, sai ranar na san yadda gwiwarsu take. In babbar mota ta wuce, abin da kake gani kusoshin taya ne. Inda hanya ke da kyau Lawali ya saki motar, gonakin gero da aka girbe suka riƙa wucewa kamar ana buɗe shafi. Inda ta lalace kuwa kowane rami sai ya aiko mini da gaisuwa ta ƙashin baya.

Masu tambayata ko mun ƙetare iyaka, iyakar da muka ƙetare igiya ce da aka gitta a hanya, da rumfar jandarma a gefe. Wani dogon jandarma ya zo ya tsaya, ya duba sama bai ga kowa ba, sannan ya duba ƙasa.

"Salamu alaikum. Ina sauran motar?"

Lawali ya miƙa takardu, duk cif. Mutumin ya mayar, ya ce don Allah a buɗe masa kapo, wato murfin inji, ba don aiki ba, don ido. Ya daɗe yana kallon injin. Da ya ji inda za mu, ya ce shi ma ɗan ƙasar rairayi ne, kuma shawara ɗaya zai ba mu kyauta: kada mu taɓa kwarin nan da rana tsaka. Rairayi in ya sha rana sakin jiki yake yi. Mu je da sassafe yana da sanyi, raɓa ta ɗan kama shi, mu kuma rage wa tayoyi iska. Lawali ya yi godiya kamar ya riga ya sani. Da muka wuce na ga yana maimaita maganar a leɓe.

A Mayahi wurin Malam Isuhu muka sauka, maƙerin tukwanen alminiyo da ke bayan kasuwa. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Wanda bai taɓa ganin aikinsu ba ya yi asara. Akwatin katako ake cikawa da damshin yashi mai laushi, a danna siffar abin da ake so a ciki, a zare ta a hankali, ramin ya zauna. Sai a narka tsofaffin ƙarafa a kasko bisa gawayi, ana hura wuta da wata fanka da ake juyawa da ƙafar keke, a zuba ruwan ƙarfen cikin ramin. Lawali ya zo da siffar supor da kafinta ya sassaƙa masa da katako, da rabin buhun tsofaffin fistan na mota. Ya ce da su za a zuba, ban da gwangwani, domin ƙarfen fistan ya fi jure wahala. Isuhu ya juya katakon a hannu, ya taɓe baki.

"Wanga abu ai siriri ne."

"Haka nake son shi, Malam."

"To, Allah shi kai mu gobe."

Zauren Isuhu ne masaukinmu, tsakanin tukwane jere har rufi, daga ta shayi zuwa wadda ake dafa wa ɗaurin aure. Tabarmar kaba aka shimfiɗa mana, sabuwa, irin wadda ake saƙawa a yankin, ta bar mini zanenta a baya har kwana biyu. Amma abinci, sai godiya. Na daɗe ina gardama cewa babu abin da wani gari zai nuna wa Tasawa, kuma a kan kilishi har gobe ina kan bakana. A kan fura dai na sauka. Tasu da sabon gero ake dakawa, nonon kuma da safe Fulani ke kawo shi, mai tsami kaɗan, ba a yi masa wanka da ruwa ba. Wata al'adarsu da ta ba ni mamaki, ba a tambayar baƙo ko ya ƙoshi. In ka ajiye ludayi, sai a ɗauka ƙwaryar ce ba ta yi maka ba, a kawo wata. Na sha uku don kada in ɓata wa kowa rai. Lawali yana gefe yana bin kowane ludayi da ido, daga ƙwarya har bakina.

Washegari aka fasa akwati. Supor ya fito yana ƙyalli, kyakkyawa, sai dai ya ninka katakon kauri. Ashe da muka tafi masallaci Isuhu ya sa cokali ya ƙara faɗin ramin. Aka ɗora a sikelin mai gyaɗa, kilo uku da rabi. Lawali ya dafe kai.

"Malam Isuhu, mi na yi maka? Na bar Tasawa don in rage nauyi, ka zuba mini turmi!"

"Kai yaro, shekara talatin ina zuba ƙarfe a garin nan. Tukunyata uwa ke dahuwa da ita ta bar wa ɗiya. Ba a taɓa maido mini da aiki an ce ya fashe ba. In wanga siririn abu ya karye a daji, wa za a zaga? Kai ko ni?"

Nan na gane matsalar. A sana'ar Isuhu, kauri shi ne gaskiya. Mai zuba tukunya sirirya macuci ne, mata sun san shi, suna ɗaga tukunya su ji nauyinta kafin su saya. Mun zo muna roƙon mutumin kirki ya yi abin da a wurinsa ha'inci ne. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani da alli a jikin bango, da kibiyoyi da komai. Ya saurare ni da ladabi irin na wanda ba ya ji. Sai da Lawali ya kai shi gaban injin, ya nuna masa inda abin zai zauna da inda kuruwa, wato igiyar robar da ke juya altarnater, za ta riƙa jan sa. Isuhu ya tsuguna ya duba wurin. Ya tashi ya shiga zaure ya fito da wata babbar tukunya, ya kifa ta, ya nuna mana ƙarƙashin kunnenta. Akwai wani ɗan tudu siriri da ya taso daga jikin tukunyar ya tallafi kunnen.

"Kunne ba shi da kauri, amma da shi ake ɗaga tuwon mutum hamsin. Wanga haƙarƙari ne ke riƙe shi. In yi maka biyu a baya, inda igiyar ke ja. Sauran in bar maka shi siriri, tunda ka ƙi ji."

Lawali ya kalli tukunya, ya kalli injin, ya ce, "Malam, da kai ka koya mini lissafi da na ci." Na yi kamar ban ji ba.

Zubi na biyu ya fito kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Isuhu ya ƙi sakinsa sai da ya buga masa hatiminsa, tauraro da wata, irin wanda ke gindin duk tukwanensa. Lawali ya huda ramukan kusoshi, ya goge da magagari, ya ɗaura ƙaramin altarnater. Aka tayar da inji, jar fitilar batir ta mutu nan take, alamar wuta na shiga. Ya ce ƙaramin ba zai iya ciyar da na'urar sanyi da manyan lasifikoki ba, amma tunda babu su, ya ishi fitilu da inji har da saura. Sai ya ɗauki tsohon altarnater da tsohon supor, ya naɗe su da kyau, ya cusa bayan kujerata.

Na ce, "Lawali, mene ne wannan?"

"Kayana ne, Mushe. Ai ba a yar da su."

"Kilo nawa ka rage wa motar yanzu?"

Ya buɗe baki zai ce tara, sai ya tsaya. Isuhu ya yi dariya har ya zauna a kan akwatin yashi. A zaurensa muka bar su ajiya.

Ranar Juma'a bayan sallar asuba muka kama hanyar Attantane. Ba mu yi nisa ba injin ya fara wani siririn kuka kamar ɗan tsako. Lawali ya tsaya, ya ɗora sanda a gefen kuruwar ya duba, ya ce sabon altarnater ya ɗan goce da kaurin farce. Ya kwance kusa ɗaya ya sa wani zoben ƙarfe a tsakani, kukan ya ɗauke. Supor ɗin Isuhu ko gezau. A Attantane muka rage wa tayoyi iska a wurin mai faci, wanda ya ba mu labari, ba tare da mun tambaya ba, cewa tun jiya Sha'aibu ya bugo waya yana tambayar ko Garma ta wuce.

Rana ba ta gama ɗagowa ba muka iso bakin kwarin. Rairayi fari, da sawun amalanke biyu masu zurfi a tsakiya. A can ƙetare, gari ya fito. Maza a ƙarƙashin gawo, mata a bakin rijiya da bokitai da ba wanda ke cikawa. A gaba kuma ga Sha'aibu, ya ɗaura wa shanunsa karkiya, ya naɗe igiya a kafaɗa. Ya ɗaga murya.

"Sannu da zuwa, mijin yaya! Kada ka wahal da isansi, man mota da tsada, ga mu nan mun shirya! Tun jiya na ƙara masu harawa!"

Lawali ya fita ya taka rairayin har tsakiya, yana danna shi da diddige, ya dawo ya zauna. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya kalle ni, ya kalli gaba. Ya sake kallona, wannan karon daga wuya zuwa ƙasa, ya yi sauri ya kau da kai. Sai a lokacin lissafin da ya kamata in yi tun a Tasawa ya zo mini. Mutumin nan ya yi shekara yana tsintar kilo ɗaya ɗaya, ya yi kwana uku yana faɗa da maƙeri a kan biyu da rabi, sannan ya ɗauko tasa'in da huɗu, da furar Mayahi a kai, ya zaunar a gefensa. Ya sani tun ranar farko. Amma da ya ce wa malaminsa ya sauka ya taka, gara shanu su sake jan sa.

Na yi gyaran murya na ce, "Lawali, shaidar da ke cikin mota ba shaida ba ce. Za a ce na rufe ido. Buɗe mini in tsaya inda zan ga tayoyi huɗu."

Yadda ya zagayo da gudu ya buɗe mini ƙofa ya isa jawabi. Da na fito, na ji motar ta ɗan ɗago kamar ta yi ajiyar zuciya.

Ya ja da baya, ya taho da gudu daidai, ba mai yawa ba. Ya ƙi bin sawun amalanke, ya ɗora tayoyinsa a kan tudun da ke gefe don kada cikin motar ya taɓa ƙasa. Rabin farko ta wuce kamar a kan tabarma. A tsakiya, inda ta nutse bara, gudunta ya ragu, bayanta ya fara kaɗawa, rairayi na tashi. Na ga Sha'aibu ya sauke igiya daga kafaɗa. Ni kuma, mai shekara sittin da ɗoriya, na tsinci kaina ina ihu, "Kar ka ɗaga ƙafa!" kamar na taɓa tuƙa ko keke. Hancin ya sunkuya, ya sunkuya, amma bai kafe ba. Ta yi ta rarrafe har tayoyin suka kama ƙasa mai tauri, ta haura tudu, ta wuce gaban rijiya a hankali, da ƙarar injinta. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa.

Ni na biyo baya a ƙasa, takalma a hannu, na iso ina haki. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baba Nomau. Tsoho ne siriri mai farin gemu, ba ya gaggawar magana. Lawali ya tsuguna can gefe, kai a ƙasa, kamar wanda ya yi laifi. Sha'aibu kuwa bai saduda ba.

"Baba, wanga ba a lissafa shi. Bara mutum biyu ta ɗauko. Bana sai da aka sauke Mushe, shi kuwa Mushe ai mutum biyu ne."

Aka yi dariya, har da ni. Sannan na tuna aikin da aka kawo ni yi. Na ce, "Baba, ni baƙo ne, amma an ba ni labari. Bara cewa aka yi ƙarfen da shanu ke ja garma ne. Yau ina tsaye, idona biyu, ban ga saniya a gaban motar nan ba. Na dai ga biyu a gefe, sun ci harawa sun ƙoshi, ba su yi aikin komai ba."

Baba Nomau ya ce a nuna masa abin da aka canza. Aka buɗe kapo, ya sunkuya, ya sa yatsa yana shafa supor ɗin har ya kai kan hatimi. Ya tsaya. Ya aika cikin gida aka fito da tukunyar tuwo, aka kifa. Tauraro da wata.

"Aikin Isuhu ne," in ji shi. "Tukunyar ga tun auren Rabi take. To, Mushe, ka faɗa wa abokin tafiyarka ya iso lafiya, da ƙafarsa. Kai kuma Sha'aibu, garma tana rumbu. Kada in sake jin ta a bakin kowa."

Na juya na faɗa wa Lawali, ko da yake tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi taku biyar ba. Ya ce a ce ya gode. Na juya na ce ya gode.

Mun yi sallar Juma'a, mun ci zabi da tuwon gero da miyar kuka mai man shanu, muka kwana. Da safe muka fito sallama, muka tarar da abin da babu wanda ya sa a lissafi. An jera tsaraba a gefen mota. Buhun wake, buhun gero, rabin buhun gyaɗa, kabewa huɗu, tabarmi, zabi shida a ɗaure, da wani ɗan rago da ke kallon motar da shakka. A Tasawa in an ba ka abu kana iya cewa a ajiye maka sai wani zuwa. A can, kyautar suruki bayan kaka ba a barin ta ko na kwana ɗaya. Barin ta daidai yake da cewa gonarsa ba ta yi ba. Lawali ya tsaya yana kallon buhunan, leɓensa na motsi. Na san me yake yi. Karo na biyu a rayuwarsa yana lissafi daidai. In ya loda su, kwarin nan zai riƙe shi, ga rijiya, ga Sha'aibu. In ya ƙi, ya yi abin da ya fi Garma muni. Ya kalle ni, ni bakinsa, ni kuma na kau da kai ina kallon rago.

Baba Nomau ya bar mu muka ɗan dahu. Sannan ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Sha'aibu, shanun nan naka tun shekaranjiya suke cin harawar banza. Ɗaura amalanke ka kai kayan ɗiyata Attantane, a sa su motar kasuwa. Mushe kuma baƙona ne, ba ya taka rairayi sau biyu a garina. A shimfiɗa masa tabarma bisa buhu."

Haka aka yi. Surukar Lawali ta ɗora kwalbar man shanu ɗaya a kujerata ta ce ta Rabi ce, ita kaɗai motar ta ɗauka. Lawali ya ƙetare kwarin kamar tsuntsu, ya tsaya can yana jira. Ni kuma na bi ta gaban rijiya a kan amalanke, zaune bisa buhun wake, rago a dama, zabi a hagu, lema a hannu. Mata suka ajiye guga suna kallo. Sha'aibu ya ɗaga tsumagiya ya yi musu kirari.

"Ku shaida, shanuna ba su taɓa komawa hannu wofi ba! Bara ƙarfe, bana ilimi!"

Zan faɗi gaskiya ko da Lawali zai karanta: cikin motocin biyu, amalanken ya fi daɗin zama. Ana miƙe ƙafa, ana ganin raƙumi daga inda Allah ya nufa a gan shi.

Mun biya Mayahi muka ɗauki tsofaffin ƙarafan, Isuhu ya leƙa ya shafa aikinsa ya ce da an bar shi ya ƙara kauri kaɗan da ya fi. Yanzu a bakin hanyar Damagaram direbobi sun koma cewa garajin Lawali. Rabi ta ce baɗi da ita za a je, a kujerar gaba. To, ga amsarku, ƴan fada. E, shanu sun ja. Amma ba motar suka ja ba, ni suka ja, kuma a kan tabarma. Wanda zai ba da labarin, ya ba da shi haka.